Injin Marigayi

Gab da magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon rufin gidan bakanike. Shi yana tsugune a tsakar gida gaban motar da ya yaye wa tampol kwana uku da suka wuce, hannunsa dumu-dumu da baƙin mai. Matarsa tana kwashe shanya, Auta, 'yarsu mai shekara goma sha shida, tana riƙe masa fitila. Ya ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro ya tsaya a gaban ƙafarsa. Da ya ɗauka sai ya ga ashe ba dutse ba ne, noti ne, da ɗuminsa kamar yanzu aka kwance shi daga jikin inji.

Motar ta babban ɗansa ce, wanda zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke shekara biyu baya. Yaron ya so ya mai da ita mai gudu, irin wadda in ta taso ake juyowa a kalla. Sai dai uba da ɗa sun yi ta musu a kan hanya. Uban ya ce a cire tsohon injin a jefar, a ɗora babba mai silinda shida, a huta. Ɗan ya ce a'a, injin nan da sauran ransa. A faɗaɗa ramukansa, a sa manyan fistan, a ga abin mamaki. Bakanike mutum ne da ba ya son a koya masa aikinsa, balle ɗan cikinsa. Maganar ƙarshe da ya yi masa a kan motar ita ce, "Ka yi ta ɓata lokacinka." Ko mako biyu ba a yi ba aka kai yaron makwancinsa.

Shi ya sa da ya yaye tampol ɗin, ya ga kowane ƙarfe da yaron ya kwance da lambarsa a jiki, an rubuta da farin fenti da wannan karkataccen rubutun nasa, sai ya rantse ba zai sauya injin ba. Yadda marigayin ya so, haka za a yi. Amma zama ya sa fistan sun kafe a ramukansu. Ya yi abin da ya saba yi shekara talatin: ya tafasa baƙin mai ya kwarara a ramukan huɗu, ya kafa katako ya bi da guduma. A rami na huɗu ya ji wata 'yar ƙara siririya, ya ce tsatsa ce ke saki.

Tun daga yammacin nan gidan bai sake zama daidai ba. Da rana ta yi ja sai jifa ya fara. Wani lokaci a ji injin yana kaɗawa a hankali, alhali ba batir a motar, kan injin ma yana jingine da bango. Sannan aka fara jin murya daga ƙarƙashin bonat, tana ɗan waƙe-waƙen da marigayin kan yi in aiki ya yi masa daɗi. Matar takan toshe kunne ta shige ɗaki. Shi kuwa, Allah ya yafe masa, sai ya jawo benci ya zauna yana saurare.

"Baban Auta, ka fitar da ƙarfen nan daga gidan nan," in ji ta.

"Ƙarfe ne ke damunki? Saura kaɗan na gama."

Ran kwana na tara Auta ta yanke jiki ta faɗi a bakin madafi. Da ta tashi ba ta san kowa ba. Ta daina ci, ta rame kamar tsinke, ga wasu ƙuraje irin na ƙuna a bayan hannayenta, ita da ba ta taɓa wuta ba. Asibiti suka auna ta suka ce ba su ga komai ba. A nan ne matar ta daina roƙo, ta yafa mayafi ta je da kanta ta kira wani malami dattijo da ke can ƙarshen layinsu.

Malam ya zo bayan la'asar. Ya daɗe a tsaye yana kallon motar kafin ya shiga ɗakin. Ya zauna a gefen tabarmar yarinyar ya fara karatu, a hankali, ba ɗaga murya. Inuwa ta tsawaita a tsakar gida, jifan ya fara, ya kuma tsaya. Can Auta ta tashi zaune, idonta a rufe, wata murya mai kauri, gajiyayyiya, ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Ka ƙona ni a banza."

"Wane ne kai, kuma me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Ita ce ta riƙe fitila. Shekara biyu muna zaune cikin injin nan, ba mu taɓa kowa ba. Wannan mutumin ya kwarara mana tafasasshen mai, ko sallama babu. Ɗana yana barci a rami na huɗu."

 Bakanike ya zame jikin bango ya zauna.

"Bai sani ba," in ji Malam. "Kai ma ka san bai sani ba. Faɗi abin da zai sa ka fita."

"Injin nan kabarin ɗana ne yanzu. A rufe shi yadda yake, kada a sake kwance ko noti ɗaya, a kai shi inda ba mutane. Sai in bi shi." Sannan muryar ta juya wajen uban. "Ko kuwa mu yi wata. Ka gyara injinka, ka bar ni nan inda nake. Ba zan kashe ta ba. Tun kafin mu tare a injin na daɗe ina jin ɗanka, na riƙe muryarsa tsaf. Kullum da yamma sai in ba ka ita."

Bakin Auta ya sake motsi, sai ga muryar marigayin, sak, har da 'yar dariyar nan tasa: "Baba, ka ga? Ai na ce maka da sauran ransa."

Matar ta ƙwalla ƙara ta kife. Malam ya dubi bakanike.

"Wannan ba ɗanka ba ne. Ɗanka yana inda Allah ya ajiye shi. Ka ba da injin?"

Bakanike ya ƙura wa bakin Auta ido.

"Ka ba da injin?"

Hawaye ne kawai ke bin gemunsa. Ya san ƙarya ce, ya sani sarai, amma shekara biyu ke nan ba wanda ya kira shi da wannan muryar.

"Bawan Allah, 'yarka ce a gabanka. Ka ba da injin?"

"Na bayar," ya ce.

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta tana barci.

Washegari bakanike ya mai da kan injin da hannunsa, ya ɗaure kowane noti, bai goge ko lamba ɗaya ba. Aka ɗaga shi da sarƙa aka ɗora a bayan a-kori-kura, Malam ya raka su har bayan gari. Daga baya ya ɗora wa motar babban injin da ya so tun farko. Ta yi ƙarfi ƙwarai, duk wanda ya ji rurinta sai ya yaba. Shi bai taɓa jin daɗinta ba.

Auta ta warke, ta mai da jikinta. Wata rana ya ɗauko ta daga makaranta a motar, suna tafe ba mai magana, sai ta ce, tana kallon taga:

"Baba, ran nan fa ina jin komai. Ba na iya motsi ne kawai."

Ya rage gudu.

"Na ji Malam ya tambaye ka har sau uku. Ina ta ƙirgawa." Ta gyara jakarta a cinya. "Ba komai, Baba. Ni ma ina kewar Yaya."

Ya gangara gefen titi ya kashe motar. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, sai ita ce ta miƙo masa hankicinta.