Baƙon da Ke Ƙarƙashin Hular Mai Tayal

Mu a zuri'armu ba a yin sanƙo. Kakana mataji uku ya karya a shekararsa ta ƙarshe a duniya, kuma yana da casa'in da ɗoriya. Wannan gashin da kuke gani yana leƙowa ta ƙasan hulata, baƙi wuluk, baiwar Allah ce, ko mai ban cika shafa masa ba. Na fara da wannan ne don kada wani mai neman magana ya ce ina da hannu a labarin da zan ba ku. Labarin maƙwabcina ne, mai tayal, wato mai shagon sayar da tayal ɗin daɓen ɗaki, ni kuwa ta katanga na ji komai. Kun san ni da kunne.

Mai tayal mutumin kirki ne, sai dai Allah ya yi masa kai irin wanda in ya cire hula a shago ake rasa wanne za a kalla, kayan ko mai kayan. Wata rana wani magini ya gama zaɓen tayal, ya dube shi ya ce, "Maigida, duk na gani, amma irin na kanka nake so, shi ya fi sheƙi." Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Da ya koma gida sai ya daɗe a gaban madubi.

Ba a yi wata ba ya ji labarin wani asibiti inda na'urar mutum-mutumi ke dashen gashi. Ya ce wa matarsa zai je duba sabbin kaya, ya tafi. Aka aske masa ƙeya, aka yi masa allurar kashe zafi, aka kifa fuskarsa cikin ramin wata kujera, ba ya ganin komai sai takalman likita. Injin hannu ɗaya gare shi, dogo, fari, da idanu biyu na gilashi. Yakan auna, ya saki allura, tsit, ya ciro gashi guda da saiwarsa daga ƙeya. Ya sake aunawa, tsit. Da aka tara dubu biyu da ɗari huɗu sai aka juyo shi, aka fara shuka daga goshi ana hawa sama, layi-layi kamar gonar gwaji.

Da injin ya iso tsakar ka sai ya tsaya. Hannun ya ja baya, ya rataye a iska. Likita ya leƙa allon kwamfuta, ya ce wa ma'aikaciyarsa, "Wai yana ganin wani abu zaune a wurin."

"Inuwar fitila ce, likita."

Aka gyara fitila. Injin ya matso, ya sake ja da baya. Sai likita ya yi tsaki, ya danna wani maɓalli, ya tilasta masa. A lokacin mai tayal ya ji wani sanyi ya tashi daga tsakar kansa, kamar an ɗauke masa hular da bai san yana sanye da ita ba.

Sharuɗan da aka ba shi sun fi na ɗaurarre. Kwana goma ba hula, ba rana, ba sunkuyo, ba sosawa, barci ma a zaune. Kan ya kumbura, ya yi jajayen ɗigo-ɗigo, ba abin nunawa ba ne. Saboda haka ya shigo gida da tawul a lulluɓe, ya wuce ɗakin baya inda ake ajiye ragowar kwalayen tayal, ya danna sakata. Ya ce ciwon ido ya kama shi, mai yaɗuwa, kowa ya yi nesa.

"Ciwon ido, kuma kai ake rufewa?" in ji matarsa ta bayan ƙofa.

"Na zamani ne. Ajiye abincin nan a ƙasa."

Su uku ne a gidan: shi, da matar, da Auta, 'yarsu mai shekara goma sha tara, wadda ke karatun haɗa magunguna, mai gashi har gadon baya. Ita kaɗai ta rage musu, yayyenta duk sun watse.

A rana ta biyu, da yamma lis, matar na kwashe shanya, Auta na zaune a bakin baranda tana bitar karatu. Hasken ya yi ja, ya fara dusashewa. Tsuntsayen da ke hayaniya a kan wayar lantarki suka yi tsit gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki da hannu. Sai tsakuwa ta faɗo a kan kwano. Guda ɗaya. Aka ɗan jima, wata ta faɗo. Ba jifan yara ba ne, don yara ba su da wannan haƙurin. Tsakanin kowace da 'yar'uwarta tazara ɗaya ce, kamar ana aunawa kafin a saki. Daga ɗakin baya mai tayal ya saurara. Ya san wannan tazarar. Ya yi yini guda yana jin ta da fuskarsa a ramin kujera.

Da aka idar da sallar magariba jifan ya tsaya. Sun ƙirga ɗari uku.

Da safe matar ta shiga banɗaki ta fito da salati. Sabulun wanka ne a hannunta, an dasa masa gashi, dogaye, layi-layi, a tsaye cif. Ta kama Auta ta ɗaga mata gashin ƙeya. Wuri ya yi fili kamar faɗin yatsa biyu, da ƙananan ɗigo ja, ita kuwa yarinyar ba ta ji komai ba.

Da yamma tsakuwa ta dawo, washegari da safe aka sami gashin a jikin matashin kai. Rana ta biyar a jikin burodi. Filin ƙeyar Auta yana faɗaɗa, ita kuma magana tana ƙaranta a bakinta. Takan zauna ta zuba wa ƙofar ɗakin baya ido, leɓɓanta na motsi. Da uwar ta kasa kunne sai ta ji ƙirga take yi.

Matar ta ce ba za su sake ganin wata magaribar a gidan ba. Ta haɗa jaka, ta ja hannun Auta za su gidan yayarta. Suna isa ƙofar gida ƙafafun yarinyar suka kafe. Uwar ta ja, ta tura, ta yi kuka, kamar tana tura ginshiƙi. Da ta juya da ita ciki sai ga ta tana tafiya lafiya lau. Sau uku suna gwadawa. Uwa ba ta iya fita ta bar 'ya, 'ya ba ta iya tsallake dokin ƙofa, uba kuwa yana ɗakin baya, a zaune, kai a miƙe kamar mai ɗauke da kwanon mai, yana jin komai, ya kasa zare sakata. Gidan ya yi musu ƙunci. Ko labule ba a ɗagawa. Tun daga la'asar kowa yake fara kallon inuwar katanga tana rarrafowa tsakar gida.

"Baban Auta, ka fito," in ji matar. "Ko makaho ne kai ka fito."

"Saura kwana biyar," in ji shi, a hankali.

"Kwana biyar na me?"

Sai ya ja da baya daga ƙofar. Kada ku yi saurin zaginsa. Ni na san irin ƙaiƙayin da kan nan yake yi a rana ta biyar, da irin kunyar. Wato ya gaya mini.

A rana ta bakwai, tsakuwar farko na faɗowa, Auta ta miƙe daga kujera ta faɗi ƙasa. Da ta tashi zaune ba zamanta ba ne, zaman tsoho ne mai ciwon gwiwa. Matar ta ɗauki waya ta kira Malam, wani dattijo da ya karantar da mahaifinta, wanda aka sani da iya magana da waɗanda ba a gani.

Malam ya iso rana na shirin faɗuwa. Bai yi gaggawa ba. Ya cire takalmi, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Jifan ya ci gaba a kan kwano. Ya daɗe yana yi, duhu na taruwa a kusurwoyin falon, ba wanda ya tuna da kunna fitila. Can sai jifan ya tsaya. Bakin Auta ya buɗe, wata murya ta fito, busasshiya, mai gajiya.

"Ya isa, Malam. Ina ji. Ba kurma ba ne ni."

"Wane ne kai, kuma me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta za ka tambaya. Yana bayan ƙofar can, ya manna kunne."

Malam ya juya. "Maigida, fito."

Sakata ta yi ƙara. Mai tayal ya fito da tawul a ka. Malam ya ce ya cire, ya cire. Matar ta kalli kan, sannan ta ce, "Wannan ne ciwon idon?"

"Ka gani, Malam?" in ji muryar. "Ka ga abin da ya yi wa gidana? Da a bishiya nake, a nan inda falon nan yake, suka sare. Na koma rijiya, suka cike. Ban ce uffan ba. Ina yawo na ga wuri a kan bawan Allahn nan, sumul, da ɗumi da rana, da sanyi da yamma, ga hula ta yi mini rufi. Shekara goma sha bakwai ina zaune. Tambaye shi, ya taɓa ciwon kai? Ƙuda ya taɓa sauka masa a ka?"

Mai tayal ya yi tunani. Gaskiya bai taɓa ba.

"Sai rana ɗaya ya kai ni gaban wani ƙarfe mai ido. Ƙarfen ma ya fi su hankali, ya gan ni, ya ja baya har sau biyu. Suka tilasta masa. Ƙaya dubu biyu da ɗari huɗu aka kafa mini a shimfiɗa. To, ni ma na koyi aikin. Ɗari uku kullum nake cira daga kan 'yarsa, in na cika adadin in zauna a filin da na share. Wanda ya zauna a kan yaro kuwa, Malam, ka san ba a sama yake tsayawa ba."

Matar ta toshe bakinta da mayafi.

"An zalunce ka," in ji Malam, "amma kai ma zalunci kake yi, kuma ka san wanda zan kai ƙararka gare shi. Ga shago cike da tayal, zaɓi wanda ya fi santsi."

"Sanyi gare shi. Ba rai."

Malam ya cire tasa hular. Shi ma Allah ya yi masa nasa rabon. "To ga nawa."

"Naka karatu ya yi masa yawa. Ƙuna zan yi." Muryar ta sassauto. "Na tsufa, Malam, ba na son yawo. Ba duka nake nema ba. Ya bar mini tsakiya, daidai gindin kofin shayi. Ya share da hannunsa, yanzu, tun saiwar ba ta kama ba. In ya yi, na saki yarinyar, ba ni ba ita har abada."

"A sama za ka zauna, ba ka shiga, ba ka magana, ba ka taɓa kowa a gidan nan."

"Da ma haka nake."

Malam ya dubi mai tayal. Shi kuwa, in gaya muku, ko ƙiftawar ido bai jira ba. Namiji ne. Ya kai babban yatsa tsakar kansa, wurin da kwana bakwai yake tsoron ko iska ta taɓa, ya murza. Dashen ya biyo yatsan kamar ɓawon gyambo, jini ya gangaro masa ta bayan kunne. Ya share daidai gindin kofi. Sai ya ji wani ɗan nauyi ya sauka a wurin, ya juya sau biyu kamar kyanwa mai neman kwanciya, ya lafa.

Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta dubi ubanta ta ce, "Baba, me ya sami kanka?" Uwar ta ja ta har ƙofar gida, yarinyar ta tsallake ta dawo, ta sake tsallakewa. A daidai nan aka kira salla.

Gashin ya fito masa gwanin kyau, baƙi wuluk, sai dai tsakiya. Shi ya sa ba ya cire hula ko a ɗaki. Ni dai nakan tausaya masa, mu da ba mu san wannan jarrabawar ba.

Ina kawowa nan a rubutun sai na ji numfashi a bayan wuyana. Ashe 'yata ce, ta dawo daga kantin maganin da take aiki, ta daɗe a tsaye tana karantawa.

"Baba, wane maƙwabci? Hagunmu fili ne, damanmu gareji."

"Sun tashi," na ce. "Ba ki da wayo lokacin."

"Ina da shekara goma sha tara." Ta ɗora yatsa a kan takardar. "Nan ma gyara. Mama ta ce ba ƙiftawar ido ba ce. Sai da Malam ya kira ka sau uku, kuma da ka buɗe baki cewa ka yi ko za a rage ya koma murfin kwalba."

"To ai na murza," na ce.

"Ka murza," in ji ta. Ta sa yatsa biyu ta ɗaga hulata a hankali, yadda ake ɗaga labulen ɗakin mai barci, ta leƙa.

"Barka da yamma, Tsoho," ta ce, sannan ta mayar masa da rufinsa.