Kwana Goman Pancho

"Buɗe ƙofar nan, Odalys. Na san kina ciki!"



Muryar Mis Verna ce, mai gidan, wadda ciwon gwiwa ba ya barinta ta hawo bene na uku sai da babban dalili.

Da sauri Odalys ta sunkuci Pancho, tsohon karenta, ta tura shi banɗaki ta ja masa ƙofa. Sannan ta gyara fuska ta buɗe.

Mis Verna na tsaye tana haki, takarda a hannu. A bayanta Charmaine ce, 'yar hayar bene na biyu, ta harɗe hannuwa tana wani murmushi.

"Ina kwana, Mis Verna..."

"Lafiya lau. Kina da kare a gidana?"

"Kare kuma? A'a... ni ba ni da..."

Daga banɗaki Pancho ya yi atishawa.

Ya ƙara.

"Ayya!" in ji Charmaine. "Famfonki ne ke mura? Allah ya ba shi lafiya."

Mis Verna ba ta yi dariya ba. Ta miƙa wa Odalys takardar.

"Kin sa hannu cewa ba za ki ajiye dabba ba. Na ba ki kwana goma. Ko karen ya fita, ko ku fita tare."

Daidai nan Wendell, ɗanta, ya hawo da akwatin kayan gyara. Shi ke kula da gidan, daga famfo har wayar wuta. Ya dubi uwarsa, ya dubi takardar, ya buɗe baki.

Odalys ta girgiza masa kai a hankali.

Ya rufe bakin.

Bayan sun sauka ta zauna a ƙasa ta rungume Pancho, hawaye suka ƙi tsayawa.

Pancho karen mahaifinta ne. Shekara goma sha uku suna tare da tsohon, kuma ranar da aka ɗauke shi zuwa asibiti, tafiyar da bai dawo ba, abu ɗaya ya ce mata: "Kada ki kai shi inda ba a san sunansa ba."

Wata huɗu ta yi tana neman ɗaki a Brooklyn bayan rasuwar. Albashinta na mai karɓar baƙi a asibitin haƙori bai kai ko'ina ba. Masu gidaje suna son abin da mutum ke samu a shekara ya ninka kuɗin hayar wata sau arba'in. Inda kuɗinta ya isa, ba a son kare. Inda ake son kare, kuɗinta bai isa ba. Da ta sami wannan ɗaki a unguwar Flatbush a kan dala dubu ɗaya da ɗari shida, sai ta runtse ido ta sa hannu, ta shigo da Pancho a cikin jakar wanki.

Kullum haka take fita da shi, ta ƙofar baya, da tawul a kansa.

A sati na uku Wendell ya zo gyaran bututu, ya ja labulen wanka, ya ga kare kwance yana kallonsa.

"Ranka ya daɗe, ban san da mutum ba," ya ce wa Pancho, ya mayar da labulen.

Washegari ya dawo da biskit ɗin karnuka a aljihu, wai ya manta sukudireba. Daga nan ya zama kullum akwai abin da ya manta. Suka fara haɗuwa da sassafe a filin shaƙatawa, shi da kofi biyu, ita da jakarta. Bai taɓa ce mata yana sonta ba sai a wata na uku, shi ma Pancho ya kalla ya faɗa, don kunya.

Da yamman ranar da aka kawo takardar, Wendell ya kira ta.

"Ki bar ni in yi wa Mama magana, masoyiyata."

"A'a. Ka ce mata me? Wata biyar kana cin abincinta kana ɓoye mata?"

"Ai gaskiyar ke nan."

"Kuɗin gidan nan da guminta ta tara shi, kai ka gaya mini. Ba zan shiga tsakaninku ba. Zan nemi wani wurin."

Ta nema.

Ta rubuta wa Pancho takardar tarihinsa, kamar mai neman aiki, yadda masu gidaje ke so: shekarunsa, nauyinsa, allurarsa, da hotonsa yana kallon kyamara kamar limamin coci. Likitan dabbobi ya ba shi shaidar kyawun hali.

Gida na farko, dillali ya ce dala dubu biyu da ɗari huɗu, ban da kuɗin kare na wata-wata.

Na biyu, kada kare ya wuce nauyin laba ashirin da biyar. Pancho ashirin da takwas ne.

"Zai iya ramewa," in ji Odalys.

"Mu ma haka muke cewa kowace sabuwar shekara," in ji matar da ke kula da gidan, ta rufe ƙofa.

Na uku ɗakin ƙasa ne mai warin danshi, ga mutum goma sha ɗaya a layi, kowa da takardunsa a hammata.

A kwana na biyar ta kira ƙanwar mahaifinta, Tía Nereida.

"'Yata, ki kai shi gidan ajiye dabbobi," in ji Tía. "Ba a rasa ɗakin dubu ɗaya da ɗari shida a garin nan saboda kare. Shi kuma yaron, ki cire shi a ranki. Ɗan mai gida? Uwarsa zai zaɓa, ki rubuta ki ajiye."

Odalys ta je har ƙofar gidan dabbobin. Ta karɓi fom. Ta tambayi budurwar da ke kan tebur ko ana ɗaukar kare mai shekara goma sha uku.

Budurwar ta sunkuyar da kai. "Wani lokaci..." ta ce.

Odalys ta ajiye biron ta fito.

A kwana na bakwai ta je laburaren unguwa, inda wani dattijo, Mista Abramov, ke ba 'yan haya shawara kyauta duk Asabar. Ya karanta takardar sau biyu.

"Tun yaushe karen yake wurinki?"

"Wata biyar."

"Madalla! A birnin nan, a gida mai hawa-hawa irin naku, idan ɗan haya ya ajiye dabba a fili har wata uku, mai gida ko ma'aikacinsa ya sani bai kai ƙara ba, to sharaɗin hana dabba ya faɗi. Ta ina kike fita da shi?"

"Ta baya... a jakar wanki."

Dattijon ya cire tabarau ya dafe goshi.

"Kai, 'yata! Abin da bayyana shi zai cece ki, shi kika yi wata biyar kina ɓoyewa. To, babu wani ma'aikacin gidan da ya saba ganinsa? In akwai, ya rubuta ya sa hannu, da sauran magana."

"Babu," ta ce.

Ƙaryarta ta uku ke nan, kuma ta fi sauran ɗaci.

Ba ta san Wendell ya riga ta zuwa wurin dattijon ba. Washegari da safe ya same ta a filin shaƙatawa, ba kofi a hannunsa, sai ambulan.

"Na rubuta. Ranar da na fara ganinsa, da duk ranakun da na biyo. Na sa hannu."

"Wendell, ka haukace? Mamanka..."

"Na gaya mata jiya."

Ya ci gaba da bayani.

"Ta ce mini mene ne tsakanina da ke. Na ce aure nake so."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce in ajiye mata makullan gidanta a kan tebur." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Na ajiye. A gidan abokina na kwana. Karɓi, 'yar rigimata. Kada ki sa rashin makullaina ya tashi a banza."

Ta karɓa.

Ranar duka ambulan ɗin na cikin jakarta tana jin nauyinsa. Da shi za ta iya tsira da ɗakin, ta tsira da Pancho. Amma kullum za ta riƙa wuce ƙofar matar da ta ƙwace wa ɗa, ta kuma kayar a gaban alƙali.

A kwana na tara, bayan ta taso aiki, ta yi wa Pancho wanka, ta sa masa igiya, suka sauka bene a ƙafa. Ta ƙwanƙwasa ƙofar Mis Verna.

Ƙamshin miyar kaza mai garin kori ya tarye ta. Charmaine na zaune a kicin tana taya Mis Verna murza roti, wata irin gurasa, kamar 'yar gida. Tun kafin Odalys ta zo gidan take wannan hidima, ko Wendell zai waiwayo.

"Lalle! Har da shi kika zo?" in ji Charmaine.

Odalys ba ta kalle ta ba. Ta ajiye ambulan ɗin a gaban Mis Verna.

"Wannan takardar Wendell ce. An ce in na kai ta kotu ina iya cin nasara. Ba zan kai ba. Ki riƙe."

Mis Verna ta goge hannu a zanen girkinta, ba ta taɓa ambulan ɗin ba.

"Me kike so?"

"In ba ki haƙuri. Na yi miki ƙarya ranar da na sa hannu, na sake yi a bakin ƙofata. Tsoro ne, amma ƙarya ce. In kin ce mu tafi, gobe za mu tafi, ko da falon Tía ne. Abu ɗaya nake roƙo: ki mayar wa Wendell makullansa."



"Shekara talatin na yi ina goge daɓen asibiti kafin na mallaki gidan nan," in ji Mis Verna. "Wani ɗan haya ya taɓa barin karensa ya cinye mini ƙofa biyu da katakon ɗaki, ya gudu. Wannan na iya gyarawa. Amma a kalli idona a ce famfo..."

"Ni ce na ce famfo, Mis Verna," in ji Charmaine.

"Ke kuma yi mini shiru."

Charmaine ta ga magana na neman juyawa, ta miƙe.

"Ai ba ƙaryar kaɗai ba ce! Cizo yake yi. Ranar Talata ya kama mini ƙafa a matakala, har yanzu da shaidar haƙoransa. Yara na zama a gidan nan fa!"

"Ƙarya ne!" in ji Odalys.

Mis Verna ta ɗaga hannu. "Manyan gidajen can na Manhattan suna yi wa kare intabiyu kafin su karɓe shi. Ni ma gidana ba ƙarami ba ne. Kawo shi nan."

Ta ɗauki murfin tukunya ta sake shi a ƙasa. Ƙarar ta sa Charmaine tsalle. Pancho ya ɗaga kunne ɗaya, ya mayar.

Ta aika Charmaine waje ta danna ƙararrawar ƙofa, sau uku. Pancho ya yi hamma.

Ta ajiye tsokar kaza a gefen kujera ta juya baya. Pancho ya kalli kazar, ya kalli Odalys, ya haɗiyi yawu, bai motsa ba.

A ƙarshe ta durƙusa da ƙyar, tana cije baki saboda gwiwa, ta ɗaga masa leɓe ta leƙa.

Ta daɗe tana kallo.

"Charmaine."

"Na'am, Mis Verna?"

"Haƙori uku gare shi, duka a can baya. Da wanne ya cije ki? Ko aron nawa ya yi?"

Charmaine ta tuna ta bar ruwa a kan wuta, ta fice.

Mis Verna ta miƙa wa Odalys hannu. "Tashe ni."

Odalys ta tashe ta. Tsohuwar ba ta saki hannun da wuri ba.

"Dala arba'in a wata saboda shi. Abin da ya ɓata, ki gyara. Kuma daga yau, duk abin da kike jin tsoro, ki zo ki gaya mini da bakinki. Ina da faɗa, amma ban taɓa jefa kowa kan titi ba."

"Na gode... Mis Verna, na gode..."

"Daina kukan nan, za ki sa mini gishiri a miya. Kira wancan mara kunyar, ki ce abinci ya sauka."

Ba sai an kira shi ba. Wendell yana zaune a matakalar waje tun shigarta, ya zuba tagumi. Da ta fito ya miƙe zumbur.

"Yaya?"

"Ya ci jarrabawa!"

Wendell ya ɗaga ta sama ya juya da ita, Pancho na zagaye su igiyarsa na nannaɗe musu ƙafa. Da ya sauke ta bai saki kafaɗunta ba.

"Odalys... ɗakin nan naki, zai ɗauki mutum biyu? Ina nufin har abada. Da zobe da komai."

Ta share ido tana dariya.

"Ni na yarda. Amma mai gidan tana da tsanani, sai ta yi maka intabiyu."

Tagar kicin ta buɗe a saman kansu.

"Shi wannan ba sai na gwada shi ba," in ji Mis Verna. "Ba ya wanke kwano, yana minshari, kuma kazar da za ki ajiye ba zai bar ta ba. In kin ji kin gani, ki ɗauka. A watan Yuni za a yi bikin, kafin zafi ya tsananta. Ku shigo, roti na hucewa."