Jitar da Ba Ta da Lamba

Ranar Litinin da hantsi Kaloyan ya tura ƙofar shagon gyaran kayan kiɗa da ke tsohuwar unguwar Plovdiv, idanunsa jajir. Biki uku ya kaɗa a ƙarshen mako, kafaɗarsa kamar ba a jikinsa take ba.

Budurwar da ke bayan tebur ta ɗago kai, sukudireba soke a gashinta. Nan take ya manta abin da ya kawo shi.

"Bawan Allah, barci ka zo yi ko gyara?"

"Duka biyun, in akwai wuri."

Ta tuntsire da dariya. Sunanta Desislava, amma kowa Desi yake ce mata.

Ya fito da jitarsa ta lantarki, mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, wadda makaɗa ke kira bes. Jan fentinta ya koɗe. A kasuwar gwanjo ya saye ta, mai ita ya rantse masa 'yar Amurka ce.

"So nake in san shekarunta da asalinta."

Desi ta juya ta, ta duba inda ake buga lamba. Wayam.

"'Yar Amurka? Wannan ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba. Sunan nan ma da hannu aka zana shi."

Aikin awa guda ne, amma ta ja shi wata huɗu. Kowace Litinin ya kawo jitar, ta gaya masa abu ɗaya tak. Yau ta ce maɓallan murya daga tsohuwar rediyon Rasha aka ciro su. Wani makon ta ce katakon ya yi nauyi, ba na masana'anta ba ne. Shi kuwa ya riƙa zuwa da banitsa, wata wainar cuku mai zafi, su ci tare, wani lokaci gyangyaɗi ya sace shi a kujera, ta rage ƙarar rediyo.

"Mujiyata, ka isa gida?" ta kan rubuta masa.

"Na isa, Likitar jita. Zuciyar ce na baro a teburinki, ki duba mata lamba."

Da magana ta yi nisa, ta kai shi Karlovo wurin iyayenta. Mahaifinta, wanda ake kira Bai Mincho, ya dubi 'yan yatsunsa masu kanta, ya ajiye cokali.

"Makaɗi ne?"

"E, Baba."

"Makaɗi ba ya riƙe gida. Ga Plamen mai kantin magani, ƙarfe shida ya rufe shago ya dawo."

Mahaifiyarta Radka ta ƙara wa baƙo miya.

Sau uku Kaloyan yana komawa, sau uku ana ba shi amsa guda. A Litinin ta gaba ya ɗora jitar a tebur ba tare da banitsa ba.

"Na gaji, Desi. Buɗe ta ki gama, in san abin da zan gaya wa mai saye. In kiɗan ne matsalar, na bari."

Bayan ya fita ta yi kuka mai isarta, sannan ta kwance wuyan jitar. A gindinsa an rubuta da fensir: Karlovo, Mayu 1986. Ta ɓamɓare farar robar da ke manne a gaban jitar, wadda ta daɗe tana tsoron taɓawa. A ƙarƙashinta babu fenti, sai rabin furen wardi da aka sassaƙa a katako.

Ta san wannan furen. Tun tana rarrafe take shafa irinsa.

Motar safe mai zuwa Karlovo ta riga ta tashi, sai ga Plamen ya zo sarin magani zai koma. Ta shiga motarsa da jitar. Kaloyan, da ya dawo ba ta haƙuri, ya hango su daga tsallaken titi. Sai ya tura mata saƙo.

"Na gan ku. Allah ya sanya alheri. Jitar ma na bar miki."

"Kai dai mujiya ce, da rana ba ka gani. Shigo motar ƙarfe biyu. Kada ka tambaye ni komai."

Da la'asar ya iso, ya tarar da su a ɗakin Radka. Desi ta yaye ƙyallen da ke rufe da tsohuwar adakar auren mahaifiyarta. Adakar ba ta da murfi. Gefenta duk furen wardi ne, sak wanda ke jikin jitar.

"Mama, kin ce murfin nan wajen ƙaura ya ɓata."

Radka ta dubi mijinta. "Mincho, kai za ka faɗa ko ni?"

Bai Mincho ya zura wa ƙasa ido.

"To, ni zan faɗa. A zamaninmu ba a samun jitar waje, samari da kansu suke sassaƙawa, su zana mata sunan Amurka don burga. Kwana tara da aurenmu na tafi kasuwa, na dawo na tarar da ubanki da zarto yana yanka murfin. Adakar da kakana ya sassaƙa wa uwata!"

"Katakon ne mai kyau," in ji shi a hankali.

"Ji shi! Har yau bai tuba ba."

Ya miƙa hannu ya shafa rabin furen. "Shekara bakwai ina yawon kiɗa a otal-otal na bakin teku, ke kina nan kina jira. Ranar da na dawo yaronmu ya ɓuya a bayanki don bai san ni ba, ranar na rabu da jitar. Ba na son 'yata ta yi irin jiranki, Radka."

"Wa ya aike ka? Ka taɓa tambayata ko na yi da-na-sani? Da ka bar kiɗan ma gidan ya yi shiru kamar asibiti. Murfina kawai nake so, ga shi kuma ya dawo da ƙafarsa, har da suruki."

Bai Mincho ya juya ga Kaloyan.

"Tsirkiya ta huɗu har yanzu tana zuzu a sama?"

"Tana yi, Baba."

"Laifina ne, zarton ya goce." Ya share ido. "Kada ka sayar da ita, yaro. Amma ka riƙa dawowa gida."

A watan Satumba aka ɗaura aure. Da aka ja layin rawa hannu cikin hannu, tsoho ya karɓi jitar daga ango, yatsu sun yi tsami amma kiɗan bai manta su ba. Kaloyan ya jingina kansa a kafaɗar amarya, ya ce yau ne karon farko da ya zauna a wurin biki.

Radka ta sa aka loda adakar a motar amarya, haka nan buɗe.

"Mama, ba murfi fa."

"Yana hannun mijinki. Duk inda ya kai shi, ya dawo miki da shi. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'yan da ba su san inda ake ajiye zarto ba."