Karas a Tafin Hannun Auta

A sansanin hutun da ake koya wa yara hawan doki, ni ke kula da ɗakin 'yan mata. Bayan abincin dare na nemi ƙaramarsu, wadda muke kira Auta, na rasa.

A barga na same ta. Ta shimfiɗa tafin hannu yadda aka koya musu ciyar da doki, wani tsoho kuma ya durƙusa yana tsintar karas a ciki da leɓe, yawu na dalala har gwiwar hannunta. Zarnin da ke tashi daga jikinsa ya cika bargar. Na ɗauka Baba mai kula da dawakin sansanin ne.

"Haba Baba, wace irin ƙazanta ce wannan?"

"Anti, yunwa yake ji," in ji Auta. "Ya ce kullum shi nake hawa, ban taɓa ba shi komai ba."

Na fizgo ta na mayar bayana. Ƙuda ya sauka a wuyansa. Bai ɗaga hannu ba, fatar wurin ce ta girgiza ta kore shi. Ya ɗago ya yi min murmushi, linzami na ƙara tsakanin haƙoransa.