Burodi Ɗaya a Fili Ɗaya

Ranar da Auta ta faɗa wa mahaifinta cewa ta shiga kwas ɗin koyon shirya taruka da bukukuwa, yana zaune a falo yana goge gilashinsa da bakin riga. Ya mayar da shi ido, ya dube ta irin duban da yake yi wa kwaɓin da ya ƙi tashi, sannan ya tambaya ko yanzu kafa rumfa da jera kujeru ma sai an je makaranta. Umma da ke ninke kaya ta ce ya bar yarinya ta koyi sana'a. Ya ce shi bai hana ba, tambaya kawai ya yi, don a zamaninsu an yi bukukuwa da yawa kuma bai ji wanda aka nemi satifiket ɗinsa ba.

Baba mai gidan burodi ne, mai jar leda. A ganinsa mutanen duniya kashi biyu ne: masu cin nasa, da waɗanda Allah bai ganar da su ba tukuna. Kashi na biyun galibi mai shuɗiyar leda suke saya, na wata Hajiya da ke ƙarshen titin, wadda ta riƙe gidan burodin mijinta bayan rasuwarsa. Ita da Baba ba su taɓa faɗa ba. Gaisuwa ce dai a tsakaninsu, irin wadda ake yi ba tare da an rage tafiya ba.

Ashe ɗan Hajiyar, wanda kowa ke kira Dogo, shi ma kwas ɗin nan yake, ɓangaren sauti da fitilu. Auta kuwa tun tana ƙarama aka san ta da tambaya, har yayyenta kan ce da ana sayar da tambaya da ta gina wa Baba bene. Wata rana ta tambayi Dogo me ya sa lasifika ke yin ƙara in an matso da makirufo kusa da ita. Ya yi ta bayani har aka tashi. Ita da ta saba gajiya da amsa tun mai amsawa bai kai rabi ba, ranar ba ta gaji ba. Washegari ta zo da wata tambayar, wadda ta riga ta san amsarta.

Kafin wani lokaci magana ta kai gidajen biyu. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce a bari ta gama karatun rumfarta, daga nan kawunnan yaron suna iya zuwa a ji da me suka zo. A bakin Baba wannan kusan albishir ne.

Mai koyar da su wata gajeriyar mata ce mai dasasshiyar murya, Malama kawai suke ce mata. Ta ce musu taro ƙafa biyu gare shi: mai ɗaukar nauyi da mai haɗa kaya, in ɗaya ta gurɗe sai ɗingishi. A kan masu ɗaukar nauyi, waɗanda ɗalibai ke kira sifonsa, ta kafa musu doka ɗaya. Ta ce kada su yi zaton ƙyallen da aka rubuta sunansa mutum yake saya. Kaɗaici yake saya. In mai sabulu ya ɗauki nauyin taronka, to kada sabulu na biyu ya leƙo filin, ko da kyauta ne, ko da na kakarka ne.

Jarrabawar ƙarshe ba ta takarda ba ce. Kowane rukuni zai shirya taro na gaske, da sifonsa na gaske. Aka naɗa Auta shugabar rukuninsu, suka zaɓi yin ranar karatu ta yara a filin wata makarantar firamare. Tun daga nan Dogo ya koma kiranta Shugaba.

Wurin mahaifinta ta fara zuwa, kamar yadda ya dace. Ya saurare ta yana shan shayi, ya ce mai cin burodinsa ba ya bukatar ƙyalle ya tuna masa, kuma bai ga abin da ya haɗa tanda da tatsuniya ba. Ta zaga wasu wuraren, ta sha "za mu duba" har ta ƙoshi. Dogo ya ce shi kam kunyar tambayar mahaifiyarsa yake. Sai Auta ta gyara mayafi ta tafi da kanta.

Hajiya ta karɓe ta a ƙaramin ofishinta mai ƙamshin bota, ta yi mata tambayoyin da ko Malama ba ta yi ba: yara nawa, inuwa fa, in an yi ruwa fa. Daga ƙarshe ta amince za ta kawo burodi da shayi na kowane yaro, ta kuma ɗauki nauyin rumfuna.

"Amma 'yata, babu wani burodin a filin, ko?"

"Babu, Hajiya. Na yi miki alkawari."

Direban da ke kai wa gidajen biyu fulawa shi ya kai wa Baba labari, kamar yadda yake kai wa kowa komai. Da yamma Baba ya kira Auta falo, Umma na gefe. Ya ce ya sake tunani, zai ba da ninkin abin da aka ba ta, a lulluɓe filin da jar leda tun daga ƙofa har dandamali. Auta ta durƙusa ta yi masa bayanin dokar Malama, da alkawarin da ta riga ta ɗauka. Ya bar ta ta kai aya.

"Wato abin da aka koya miki ke nan, yadda ake korar uba daga fili da ladabi."

Ta ce ba haka ba ne. Ya ce to ko ma yaya ne, a gaya wa mutanen can kada su wahalar da kawunnansu, hanyar ba ta da kyau kwanan nan. Ya tashi ya shige ɗaki. Auta ta yi kukan da ba ta yi ba tun tana firamare, Umma na bubbuga bayanta tana cewa ta yi haƙuri, fushin ubanta kamar tandarsa ne, ba ya hucewa da wuri amma yana hucewa.

Washegari a filin makarantar, suna auna inda wayoyi za su bi, ta faɗa wa Dogo. Ya ajiye awon ya ce ai wannan mai sauƙi ne: zai roƙi mahaifiyarsa ta janye, don shi za ta yi. Auta ta ƙi. Ya tambaye ta ko ƙyalle ya fi aurensu ne. Ta ce ba ƙyalle ba ne, maganar farko ce da ta taɓa shiga tsakaninta da mahaifiyarsa. In aka roƙe ta za ta janye, da murmushi ma, kuma za ta riƙe murmushin nan har su aurar da 'ya'yansu. Dogo ya san murmushin. Da shi aka rene shi.

"To Shugaba, in Baba bai sauko ba fa?"

"Sai mu jira. Ni dai ba zan shiga gidanku ta ƙofar saɓa alkawari ba."

Bayan hawaye sun bushe, abin da ya rage mata mamaki ne, kuma shi ya fi hana ta sakat. Mutumin da ya raina ƙyalle, me ya mayar da shi mai neman lulluɓe fili? Ciniki? Yaran firamare ba su ke yanke shawarar burodin gida ba. Kishi? Shekara da shekaru Hajiya na talla a jikin motocinta, bai taɓa ɗaga kai ba. Ta juya abin ta ko'ina bai zauna ba. Bayan aji ta tsayar da Malama, ta tambaye ta, ba tare da ta ce wane ne ba, yadda ake yi da sifonsan da ya ƙi, sannan ya dawo a fusace bayan an ba wani. Malama ta dube ta ta saman gilashi, duban wadda ta gane amma ba za ta faɗa ba. Ta ce irin wannan ba ƙyalle yake nema ba. A tambaye shi me yake so mutane su riƙa faɗa a hanyarsu ta komawa gida.

Auta ba ta yi gaggawa ba. Ba ta yi roƙo ba, ba ta aika a yi mata ba. Kullum da safe sai ta bi shi gidan burodin, ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ta zauna cikin masu sa burodi a leda har lokacin aji ya yi. Ya ga tana yi, ya yi kamar bai gani ba, ita ma ta yi kamar ba ta ga ya gani ba. A haka suka yi ta tafiya, kamar masu fahimtar juna.

Wata safiya ta same shi shi kaɗai a bakin tanda yana jiran fitowar burodin farko. Ta tsaya gefensa.

"Baba, da a ce jar leda ce a filin, me kake so mutane su ce in an tashi?"

Ya ce su ce burodin ya yi daɗi mana. Ta ce ai wannan sun daɗe da sani. Ya buɗe murfin tanda ya leƙa abin da bai isa leƙawa ba, ya rufe. 

"Su ce 'yar wane ce ta shirya," ya faɗa yana kallon wuta. "Tun ba a ɗaura komai ba, an sa miki ledar wani gida."

Nan abin ya zauna mata daram. Ta ji tausayinsa, ta kuma ji dariya, ta haɗiye duka biyun. Ta ce wannan ba a ƙyallen burodi ake rubuta shi ba. Ta ce ya zo shi ya buɗe taron da bakinsa. Sai dai ba ta ɓoye masa ba: mai buɗe taro shi ke gode wa masu ɗaukar nauyi, da sunansu, a gaban kowa. Baba ya ce to a nemi wani. Ta ce kujerar mai buɗe taro tasa ce, ba za ta ba kowa ba. Ya ce burodi ya nuna, ta matsa.

Ta je ta sanar da Hajiya, don kada ta ga abokin hamayya a kan dandamali ta ɗauka an yi mata zagon ƙasa. Hajiya ta ce muddin ba jar leda zai sako a matsayin hula ba, ita ba ta ga an karya komai ba.

Ranar taro iska ta tashi da wuri ta nemi tafiya da rumfa ɗaya, aka danne ƙafafunta da buhunan yashi. Janareto ya yi gardamar da ya saba kafin ya yarda. Dogo na rarrafe yana manne wayoyi da ƙasa don kada yara su harɗe. Shuɗin ƙyalle na kaɗawa daga ƙofa har dandamali, iyaye sun cika kujeru, Malama na can baya ta harɗe hannuwa, fuskarta ba ta ba da maki ba, ba ta rage ba.

Lokacin buɗewa ya yi, kujerar gaba babu kowa. Dogo ya matso ya ce shugaban makarantar na nan, a ba shi ne? Auta ta ce ya ƙara wa yara kiɗa tukuna. Kiɗan ya ƙare, ya sake sa wani. Ita kuwa ta ci gaba da nuna wa mutane wurin zama kamar haka aka tsara.

Sai ga Baba ya shigo cikin rigarsa ta zuwa manyan wurare, Umma na biye. Abin da Auta ta fara dubawa hannunsa ne. Babu komai a ciki. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa ganin ya je inda yara suke hannu rabbana ba, kuma ta san abin da wannan ya ci masa.

Ya karɓi makirufo, ya bubbuga shi don ya tabbatar ba a cuce shi ba. An ce ya yi gajeren jawabi; ya yi gajere bisa ma'auninsa. Ya ce wannan yarinyar da ke ba kowa umarni tun safe 'yarsa ce, autarsa. Ya ce ya nemi ta sa sunansa a filin nan ta hana shi saboda ta riga ta yi wa wani alkawari, kuma da ya zauna ya yi bincike ya gano a wurinsa ta koyi wannan halin. Umma ta duƙar da kai tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

Daga nan ya yi gyaran murya mai tsawo. Ya gode wa Hajiya da sunanta, ya ambaci gidan burodinta sarai, kowa ya ji. Ya ɗan tsaya.

"Na ɗanɗana a bakin ƙofa," ya ce. "Ba laifi."

Hajiya ta sunkuyo ta ce wa Umma ko marigayi bai taɓa samun yabo irin wannan daga bakinsa ba.

Dogo ya hau zai karɓi makirufo. Baba ya riƙe bai saki ba, ya dube shi daga ƙasa har sama, abin da ya ɗan ɗauki lokaci.

"Kai, ɗan Hajiya, kawunnan nan naka ba su da ƙafa ne?"

Da Dogo yana cikin hayyacinsa da ya kashe makirufon tun yana hawowa, aikinsa ke nan. Bai kashe ba. Fili duka ya ji, har mai gadi a bakin ƙofa. Dariya ta tashi, Auta ta ɓuya a bayan lasifika, Malama kuwa ta cire wa Dogo maki a kan sauti, ta ce doka doka ce, sannan ta yi masa murna.

Masu karatu za su so a ce soyayya ce ta yi nasara, kuma ba za a yi musu gardama ba. Amma soyayya ita ce ta ba da shawarar a janye alkawari don a huta. Abin da ya kai su gaci shi ne yarinya ta riƙe maganarta ba tare da ta saki ubanta ba, ta kuma yi haƙurin jira har ya faɗi abin da ke cinsa. Sau da yawa babba in ya kafe a kan ƙyalle, ba ƙyallen yake nema ba, so yake a tambaye shi. Haƙuri dai kamar kwaɓi ne: wanda ya ɗaga murfi da wuri don ya ga ko ya tashi, shi ke cin danƙararre.