Audugar da Ke Saman Ɗakin Muslim

"Ni fa na ce kada a taɓa silin ɗin nan!"

"Haba Dije, mutum ya hau ya auna, ke kina ƙasa kina gardama?"

Lawal, mijin Dije, ya nuna Zubairu, muhandis ɗan Sudan da mai gidan hayarsu ya turo ya duba rufinsu, a hawa na ƙarshe a unguwar Madinat Nasr. Zubairu ya sauko daga tsani yana karkaɗe riga.

"Ya hajja, audugar tare zafi kauri ɗaya ake shimfiɗa ta, kusurwa zuwa kusurwa. Taku an tattare ta kaf a saman ƙaramin ɗaki, sauran gidan tsirara. Shi ya sa kuke dahuwa. Khalas, shi ke nan, na baje ta."

 Ɗakin na Muslim ne, jaririn Dije da zazzaɓi ya ɗauke a asibiti bazarar da ta wuce. Tun ranar ba a buɗe ƙofar ba, ba a ƙara kiran sunansa ba.

Rana ta faɗi. Kiran salla ya lafa, titi ya yi tsit. Zubairu bai gama naɗe igiyar awonsa ba tsakuwa ta faɗo daga silin. Sai wata. Sai Hindu, 'yarsu babba, ta saki kofi ta zube, idanunta a kafe sama.

Aka kira Malam Bukar, maƙwabcinsu mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin bakin Hindu ya motsa, da muryar tsohuwa.

"Wa ya watsa min aikina?"

"Ke wace ce? Me kike nema a jikin yarinya?" in ji Malam.

"Na riga bulon gidan nan zuwa. Yaron nan ba ya son zafi, da ya ji shi sai kuka. Ni na janyo masa audugar, tsagi-tsagi. Ku mayar, in saki yarinyar." Muryar ta sassauta. "Ai ta yi aiki. Tun bara ban ƙara jin kukansa ba."

Lawal ya juya fuska ga bango. Malam ya buɗe baki, Dije ta riga shi. Ta durƙusa, ta kama hannun 'yarta.

"Iya, Muslim ya rasu. Ba a gida ba, shi ya sa ba ki gani ba."

Bakin Hindu ya sake motsawa.

"Ashe ba barci yake ba?"

"A'a, Iya."

"To na tafi. Ba ni da sauran aiki a nan."

Hindu ta yi atishawa, ta ce, "Mama?" Dije ta rungume ta, kukan da ta riƙe tun bara ya ɓalle.

Zubairu, da ke maƙale a bakin ƙofa da tsaninsa, ya gyara murya.

"Ma'alish, a gafarce ni... amma wallahi kaurin nata tamam ne, daidai wa daida. Ba ta karɓar aiki? Ina da wani rufin a Giza."