Wanki na Tara

Ranar da Maniru ya fara ganin Yahanasu, yana tsaye a kan tsani da tsumma a hannu, wando a naɗe har gwiwa. Direba ne a sashen kula da dabbobi na Dutsin-Ma, a shekarar 1963 da ake bin ƙauyuka ana yi wa shanu allurar ciwon bushiya. Motarsa na jan wani ɗakin ƙarfe mai taya biyu, inda likita ke kwana in an fita rangadi. Mutanen Kurfi suka sa masa suna tafi-da-gidanka.

Dokar likita ce a wanke ɗakin ciki da waje bayan kowace fita, da wani garin magani da ke mai da ruwa ja, don kada taya ta kwaso cuta daga wani garke zuwa wani. Maniru ya zaɓi bakin tafkin bayan masallaci a Kurfi, don nan ne ke da inuwa.

Yarinyar ta sauke tulunta ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu da aiki, Malam. Namiji da wankin ɗaki? Ina matar gidan?"

"Ita nake nema, shi ya sa nake yawo da ɗakin."

Ta rufe baki da gefen mayafi, ta cika tulu ta tafi. Shi kuwa ya goge taga ɗaya sau huɗu bai sani ba.

Kafin kaka ta shigo ya san sunanta, ya san 'yar Malam Ummaru ce mai makarantar allo da ke kallon tafkin. Ta sa masa suna Mai Ɗaki, shi kuma yana ce mata Hasken Kurfi. Ya so ta son da ke hana mutum gama tuwo. Kawunsa ya kai gaisuwa, Malam ya ce zai yi shawara.

Sai Rabe ya shigo maganar. Ɗan kasuwar hatsi ne daga Barkiya, ya daɗe da sa ido a kan Yahanasu, kuma Allah ya ba shi baki. Ya zauna a tsakiyar kasuwa ya ce shi da idonsa ya ga jini na kwarara daga ƙofar tafi-da-gidanka, wai a ciki ake zuƙe jinin mutane a kai wa Turawa. Cikin kwana uku mata suka daina zuwa tafkin. Malam ya aika wa kawun Maniru cewa a dakata.

Maniru ya dawo daga Ɗantutture ya tarar ko sallamarsa ba a amsawa da kyau. Goggo Turai, ƙanwar uwar Yahanasu, ta tare shi a hanya ta miƙa masa takarda da rubutun ajami:

"Mai Ɗakina, kwana uku ban ci abin kirki ba. Baba zai kira ka ranar Jumma'a bayan la'asar. Goggo ta ce in ya tambaye ka sau nawa ka yi wanki a tafkin, ka ce sau biyu. Ni ban ce maka haka ba. Ina tsoro ƙwarai, amma kai nake so. Taka, Hasken Kurfi."

Ya karanta har takardar ta yi laushi a hannunsa. Sau biyu magana ce mai sauƙi a baki, kuma wa zai ƙaryata shi?

Ranar Jumma'a zauren ya cika. Rabe na gefe da sabuwar hula. Maniru ya durƙusa, ya roƙi a kawo ruwa a ƙwarya, ya jefa ɗan garin maganin. Ruwan ya koma ja a gaban kowa, mutanen gaba suka ja da baya.

Malam Ummaru ya ɗauki ƙwaryar ya shinshina ya ajiye.

"Wanda duk ya taɓa yanka rago ya san warin jini. Wannan ba jini ba ne, kuma ni ban taɓa cewa jini ne ba." Ya dubi Rabe har Rabe ya sunkuyar da kai. "Damuwata daban ce. Ruwan da launinsa ya canza da abin da ba nasa ba, ba a alwala da shi. A gefen da kake wanki jama'ata ke ɗibar ruwan alwala. Ka san haka?"

Maniru ya gyara durƙusonsa. Bai taɓa kawo wannan a ransa ba ko sau ɗaya.

"Ban sani ba, Allah gafarta Malam. Laifina ne."

"Sau nawa ka zuba maganin nan a bakin tafkin? Ina son in san kwanakin da za mu duba sallolinmu."

Maniru ya san bayan labulen ƙofar cikin gida akwai mai saurare.

"Sau takwas, Malam."

Wani ya yi salati a hankali. Fuskar Malam kuwa ta ɗaure.

"Daga inda nake zama ina ganin tafkin nan. Sau tara na gan ka. Mutumin da zai rage mini ɗaya a gaban jama'a, ɗiyata zan ba shi?"

Rabe ya ɗago kai, murmushi ya fara dawo masa.

"Tara ne, Allah gafarta Malam," in ji Maniru. "Amma magani sau takwas na zuba. Na taran ruwa ne zalla. Ba mu fita rangadi ba a makon, ɗakin fes yake, ko ƙura babu."

"To mi ka wanke?"

Maniru ya dubi tabarma. Ya gwammace ƙasa ta buɗe.

"Ba komai. Talata ce, ranar da take zuwa ɗibar ruwa."

Sai kafaɗun Malam suka fara motsi, ya sa hannun riga ya rufe baki, dattawan zauren suka kasa riƙe tasu dariyar. Rabe ya nemi takalmansa.

"Daga yau ka kai wankinka bayan gari," in ji Malam, yana share ido. "Kuma ka ce wa kawunka ya dawo. In ban aurar da ita ba, yaron nan zai goge wa likita fentin ɗaki."

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura auren a wannan zauren. Malam Ummaru ya yi addu'a da kansa, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, muryarsa ta karye a tsakiya, jama'a suka ƙarasa masa da amin. Da yamma, da mata suka rako amarya Dutsin-Ma suka watse, Maniru ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Sannu da zuwa gida, Hasken Kurfi."

Ta ɗan ɗaga mayafi, idanunta jike da hawaye.

"Ai ni na sani tun ranar Talatar nan, Mai Ɗaki. Tulun nan ma da na zo da shi, sai da na zubar da ruwan cikinsa a bayan gidanmu don in sami dalilin zuwa tafki."